Shekarar da Muka Zubar wa Kaji Shaidar Baba

Bana ma ruwa ya nuna mana halinsa. Ya sauko sau biyu a jere, mutane suka ruga gona suka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke ƙafa. Kusan mako uku ke nan ina zaune a tsakar gidan ɗana a nan Tambuwal ina duban gabas. Hadari ya taso da la'asar, iska ta kwashe shi, mu koma fifita. Jiya da rana iskar ta biyo ta bayan gari ta kawo warin kududdufi mai ƙafewa, warin laka da gansakuka da abin da ya mutu a ciki. Surukata ta toshe hanci ta shige ɗaki tana tsaki. Ni kuwa na gyara zama na yi ta shaƙa, don warin nan gida ya kai ni.

Gidanmu wani ƙauye ne a ƙasar Kebbe, a bakin fadama, kuma ubana shi ne Sarkin Ruwa. Kada ku ji sarki ku ɗauka wani abu ne. Ba doki, ba zagi, ba ko kujera. Farin rawani ne guda da Maigari ya naɗa masa, sai kuma magana a kan ruwa: in ya ce a shiga a shiga, in ya ce a bari a bari. Tafkuna uku gare mu. Biyu ana yin su, wato kamun kifi, a cikinsu duk bazara har a kwashe tas. Na ukun, wanda muke ce wa Tafkin Giginya, shi ne mai zurfi, bai taɓa ƙafewa ba a sanina, kuma ba mai jefa homa, ragar su, a cikinsa sai ranar da Baba ya buɗe shi.

Lokacin 'yan shekaru ne da yanke mana jihar Sakkwato, kuɗin mai suna ta yawo a birane. Mu rabonmu a ciki bai wuce rediyo ba, da kwanon rufi a gidan Maigari, da takin zamani, sai gwangwanayen maganin ƙwari da ake raba wa manoma. Ni ina da shekara biyu a ɗakin mijina Mamman, mutumin Jabo ne da noman fadama ya kawo shi garinmu ya zauna. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Baba, don haka kusan a can nake wuni.

Da bazarar shekarar aka gama da tafkuna biyu, mutane suka zuba ido a buɗe Giginya. Baba ya ce a'a. Ya ce bai yarda da damanar da ke tafe ba, a bar kifin nan ya zama rumbun gari, ranar da hatsi ya ƙare a same shi. Aka yi ta gunaguni, amma aka bi. Kuma wallahi yadda ya faɗa haka aka yi. Ruwa ya zo, aka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya murɗe ya yi fari a kunya, aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, shi ma ƙasa ta cinye. A cikin wannan hali azumi ya kama.

Ban taɓa yin azumi irin wancan ba, kuma ba na fatan in sake. Zafin ba irin na bazara ba ne mai bushewa, wani gumi ne mai danƙo, sama a rufe, iska a tsaye. Sahur fura ce tsararo wadda kana iya ganin gindin ƙwarya ta cikinta. Da an sallame asuba mu mata mu kama hanyar rijiya, a zura guga har igiya ta ƙare a hannu, ta fito rabi ruwa rabi yashi. Mu dawo mu shiga daji neman tafasa da rama da ganyen zogale, a dafa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli kaɗan, shi ne abin buɗe baki. Innarmu ita kaɗai ke shiga rumbu, ba ta bari kowa ya leƙa. Amma ba sai an leƙa ba. In ta yi magana daga ciki muryarta amo take yi, kowa ya san abin da ke nan. Maza sun fita roƙon ruwa sau biyu, riguna a juye, suka dawo leɓe a tsattsage. Duk da haka in mutum ya wuce ta Giginya ya ga ruwansa, ko da ya ja baya ya bar laka mai faɗi, sai ya ji sanyi a ransa. Kowa cewa yake, ai akwai kifin Sarkin Ruwa.

Ran takwas ga azumi kifin ya fara tasowa. Karfasa ce, ƙanana da matsakaita, su taru a gefe baki a sama suna haki kamar wanda ya yi gudu. In ka miƙa hannu ba su ko motsawa. Washegari aka wayi gari da fararen ciki suna yawo a kan ruwa. Kwana uku shirwa ta cika sararin wurin, wari ya shigo har cikin ɗakuna. Abincin da aka hana mutane tun bazara ga shi yana ruɓewa a gaban idonsu.

Mai yunwa kuwa sai ya sami wanda zai kama. Wanda ya fara furtawa shi ne Baffa Ango, abokin Baba tun suna yara, tare suka koyi iyo a kan gora ɗaya. Gidansa baki ya fi ashirin, rumbunsa kuma tuni ya share shi. Ya ce ya ga gwangwanin maganin ƙwari a zauren Baba saura rabi. Gaskiya ne ya gani, amma rabin Mamman ne ya ɗiba ya fesa wa barkonon fadama, sai dai wa zai karɓi shaidar suruki? Da ma labari yana yawo cewa a wasu garuruwa ana zuba irin maganin nan a ruwa, kifi ya taso, a kwashe a sayar wa masu motoci. Aka haɗa wannan da wancan: Baba ne ya hana kowa shiga, shi kaɗai ke zagaya tafkin, ga gwangwani. Shi ke nan magana ta zauna.

Maigari ya tara dattawa ranar Juma'a. Mamman ya ce Baba bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi, “Ku tai ku duba kwaɗi. Ku duba tarwaɗa. Guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Mi ya sa karfasa kaɗai ka mutuwa?”

Ba wanda ya je ya duba. Maigari ya ce ya ba shi zuwa Juma'a mai zuwa ya kawo abin da zai wanke shi, in babu a warware rawanin a gaban jama'a. Rawanin ba shi ne abin ba. Abin shi ne a ce mutumin da aka damƙa wa ruwa ya zuba wa abincin gari guba cikin azumi. Irin wannan suna ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, har jikoki sai sun gada.

Baba ya dawo ya zauna a zaure yana ɗinkin homar da ba ta yage ba. Mutanen da suka saba tsayawa gaisuwa suka koma bin ta bayan gida. A rijiya in na iso sai hira ta mutu. Na yi faɗa da mata biyu a kwana ɗaya, har na manta da azumi a bakina na zazzage musu tas, don ni tun ina yarinya ba a taɓa mini Baba in yi shiru.

Mamman ne ya kawo shawara. Ya ce da ya je karɓar taki a Tambuwal ya ga wani Malam Umaru a ofishin gona, wanda aka ce ya yi aikin kifi can wajen Yawuri, yana da wani madubi mai bututu irin na asibiti, wanda in aka sa ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa sai a ga abin da ido ba ya gani. Me zai hana a kai masa kifin ya duba? Baba ya ce, “Ku yi abin da kunka ga dama.” Bai ko ɗago kai ba.

Mota ba ta zuwa mana sai ranar kasuwar Tambuwal. Ana gobe kasuwa Mamman ya tsinto karfasa shida manya waɗanda ba su daɗe da mutuwa ba, ya zube mana a tsakar gida ya ce a sa masa a wani abu. Inna ta dube su ta dube ni.

“Haka za a kai ma malamin gwamnati kifi, da ƙaya da kashi? Sai a ce daga daji munka fito. Kulu, ɗauko wuƙa.”

Ni ma ban ga wani abu ba sai daidai. Ɗiyar masunta ce ni, kafin in iya daka na iya gyaran kifi. Kuma abin da ake fara koya wa yarinya a gidanmu shi ne jan abin nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin marfin kunnen kifi, inda yake shaƙar numfashi. Mu kunne kawai muke ce masa. Shi ke fara ruɓewa, shi ke ɗaɗɗata miya, kuma macen da ta kai wa baƙo kifi da kunne a ciki ta ja wa uwarta zagi. Muka zauna muka kankare, muka farke, na sa yatsa na zaro kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko zare ba. Muka wanke da ruwan tsamiya sau uku, ruwan da muke tattali kamar mai. Muka sa gishiri, muka ɗora a wuta ya ɗan sha hayaƙi. Na ɗauko sabon kwanona mai fure daga cikin jere na shirya su, na rufe da faifai. Kunnuwan da kayan cikin kuwa na watsa wa kaji, suka yi ta ribibi har da faɗa. Ina tuna har daɗi na ji, na ce ko kaji sun sami sallarsu.

Mamman ya dawo bayan an sha ruwa, kwano wayam a hannunsa. Ya zauna ya kasa duban kowa.

“Mi ya ce?” in ji Inna.

“Ya ce a gode muku. Ya ce tun da aka kawo shi Tambuwal bai ga kifi mai tsabtar wanga ba, da shi za shi buɗe baki.”

“To, madalla. Ciwon fa?”

“Ya buɗa na farko, ya buɗa na biyu, har shida. Sai ya ce, ina kunnuwan? Na ce kaji sun cinye. Ya kama kai.”

Ashe abin da ake nema a kunnen yake zaune, ba a tsoka ba. Kuma ko da mun bar kunnen, mataccen kifi ba ya yi, don da kifi ya mutu abubuwan su ma mutuwa suke su narke. Sai an kai masa mai rai, a cikin ruwan tafkinsa.

Inna ta ce, “Yo shi wane irin malami ne mai son ƙazanta?” Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da hannuna, da gwanintata, na ɗauki shaidar ubana na ciyar da kaji. Saura kwana uku Juma'a, kuma ba wata mota sai kasuwa ta zagayo.

Mamman ya aro babur wajen wansa da suke noman fadama tare. Matsalar ita ce ba ya iya tuƙi yana riƙe da ruwa, kuma a garin nan a lokacin ba namijin da zai yarda a gan shi yana taya gidanmu. Na ce ni zan riƙe. Inna ta yi salati. A zamanin ba a taɓa ganin matar aure a bayan babur a garinmu ba. Yanzu jikokina mata tsayar da shi suke da yatsa ɗaya suna latsa waya da ɗayan hannun. Na ce ni na ɓata, ni zan gyara, wanda zai yi magana ya yi.

Ranar tafiyar ce Baba ya fara miƙewa daga zauren nan. Da aka sallame asuba ya ɗauki ƙaramar homa da babbar gorarsa ta su, ya kira dattawa biyu su tsaya su gani don kada a ce sata ya je yi. Ya zaɓo karfasa biyar masu sauran numfashi ya sa a gorar da ruwan tafkin, ya ɗaure bakin da guntun raga, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Da zai miƙo mini ya ce, “Kada ki bari rana ta taɓa ruwan. In buhun ya bushe ki jiƙa shi. Kuma ke, Kulu, kada ki gyara su a hanya.”

Ban san lokacin da na yi dariya ba, ga hawaye. Kwana biyar ke nan bai yi wa kowa wasa ba.

Hanyar Kebbe zuwa Tambuwal a lokacin ba hanya ba ce, rairayi ne da kwazazzabai. Na rungume gorar a cinya, na lulluɓe mu ni da ita da mayafi. Kafin hantsi harshena ya manne a ganɗa. Ga ruwa yana kaɗawa a jikina, ina jin sanyinsa ta cikin buhu, yana fallatso mini a hannu. Ruwa ne kore mai wari wanda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha, amma na rantse ranar sai da na yi ta neman tsari da shi. Sau biyu muka tsaya a rijiya, wasu matan Fulani suka jiƙa mana buhun suna leƙen gorar suna dariya. Sau ɗaya babur ya kafe a yashi ya kayar da mu. Na faɗi da gwiwar hannu, gorar tana sama, ko ɗigo bai zube ba. Mamman ya taso a ruɗe yana tambayar, “Kifin? Kifin?” Sai da na ce masa, “Matarka ma lafiya lau take, tunda ba ka tambaya ba.” Har ya rasu ina yi masa gorin wannan.

Muka isa kafin azahar. Malam Umaru ɗan siririn mutum ne, gajere, tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Yana ganina ya ce, “Ke ce mai gyaran kifin? Allah ya yi wa hannunki albarka. Yau dai ina fata ba ki taɓa su ba.” Ya leƙa gorar. Uku sun juya ciki, biyu suna motsi. Ya ce biyun nan sun isa.

Ya jawo tebur bakin ƙofa, don madubin nasa da hasken rana yake aiki, akwai wani ɗan gilashi a ƙasa da ake karkatawa ya kamo hasken. Ya kama kifi ɗaya ya ɗaga marfin kunnen ya ce in duba da idona tukuna. Ni da na zaro dubbai ban taɓa tsayawa na duba ba. Na lafiyayyen kifi ja ne wur kamar zoɓo. Wannan ya koɗe, ya yi fari-fari, ga wata majina ta lulluɓe shi. Ya sa ɗan almakashi ya yanko abin da bai kai yankan farce ba, ya ɗora a kan gilashi, ya ɗiga ruwan gorar, ya rufe da wani gilashin mai kaurin fatar albasa. Ya sa ido ɗaya a bututun yana murɗa wani abu a gefe.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Zo ki gani, 'yar Sarki.”

Da farko gashin idona kawai nake gani. Sai wani farin fili ya bayyana zagayayye, sai kuma na ga abu yana motsi. La'ilaha illallahu! Wasu halittu ne kewayayyu kamar faifai, da haƙora jere a ciki, suna juyawa suna sulɓewa a kan naman, ba su ƙirguwa. A tsakaninsu ga wasu dogaye irin matsattsaku, sun kafa ƙugiya a naman da gindinsu, suna miƙa kai suna lanƙwasawa, da ɗige-ɗige baƙi a kan kamar idanu. Na yi baya da salati har na taka ƙafar Mamman.

Malam ya buɗe wani littafi ya nuna mini hotonsu, iri biyun duka, kowanne da siffarsa. Ya ce da siffar ake gane su: mai haƙoran daban, mai ƙugiyar daban. Ya faɗi sunayensu da Turanci, kafin mu fita ƙofa sun zube mini. Ya ce ba kifin da ba ya ɗauke da 'yan kaɗan, kamar yadda kaza ba ta rasa ƙuma. In sun yi yawa ne suke cinye kunnen, majina ta toshe shi, kifi ya shaƙe yana cikin ruwa. Ya ce guba kuwa rana ɗaya take share tafki, ba ta barin kwaɗo, ba ta barin tarwaɗa, ba ta ɗaukar mako tana tsintar iri ɗaya.

“Haka Baba ya ce musu!” na ce. Sai kuka ya ƙwace mini, na zauna a dandamali na yi mai isata.

Da na share ido, bakina da ba ya zama ya ce, “To Malam, mi ya sa sunka yi yawa bana?”

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce kifi ya yi yawa, ruwa ya ja baya ya yi zafi, sun matsu jiki da jiki, abin yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ya ce da an rage kifin tun bazara da wuya a kai ga haka. Maganin yanzu shi ne a buɗe tafkin gobe-goben nan a kwashe abin da ya rage, ba ya cutar da mutum, a cire kunne a yi banda yadda muka saba.

Wanda ya hana a rage kifin tun bazara ai mutum ɗaya ne. Da ya yarda zai zo garinmu ranar Juma'a ya nuna wa jama'a, na roƙe shi don Allah in ya zo ya faɗi rabin farko ya bar na biyun. Ya ce, “Ƙarya ba zan yi ba, ga azumi. Amma abin da ba a tambaye ni ba, ba zan tsokano shi ba.” Na ce na yarda. Na sa Mamman ya yi mini alkawarin kama bakinsa, muka koma gida muka ba Baba rabin labari.

Ranar Juma'a Malam Umaru ya iso a kan nasa babur, akwatin madubin goye a bayansa cikin bargo. Bayan an sauko daga masallaci aka kifa turmi a ƙofar Maigari aka ɗora madubin. Mu mata muna bayan darni muna leƙe. Malam ya ce wanda ya fi kowa shakka shi zai je ya kamo kifin da hannunsa, don kada a ce an yi siddabaru. Baffa Ango ya je ya kamo. Aka yanka, aka ɗiga, aka rufe, dattawa suka jeru. Maigari ya fara tambayar Liman ko leƙen abin nan yana karya azumi, Liman ya ce sai ya fara gani tukuna. Ya leƙa, ya ɗago yana tasbihi, ya sake leƙawa har sai da aka ce masa akwai mutane a baya. Wani tsoho ya rantse ba zai ƙara shan ruwan tafki ba. Baffa Ango shi ya fi kowa daɗewa a kan bututun. Da ya ɗago ya koma gefe ya zauna a ƙasa ya sunkuyar da kai.

Maigari ya ce to, jama'a sun gani, ba guba ba ce, Sarkin Ruwa ya fita. Wata mata a kusa da ni, cikin waɗanda na yi faɗa da su a rijiya, ta kama hannuna ta matse. Na ce a raina, shi ke nan, Allah na gode maka, a tashi haka.

Sai Baba ya miƙe ya ce shi bai gani ba tukuna. Ya duƙa a kan turmin, rawaninsa yana taɓa bututun. Ya jima. Ya ɗago ya ce, “Malam, abubuwan ga, baƙi ne ko 'yan gida?”

“'Yan gida ne, Sarki. Kullum suna nan, kaɗan-kaɗan.”

“To mi ya yawaita su bana?”

Malam ya waiwayo wajen darnin da nake. Ni kuwa ina ta girgiza kai kamar yana ganina. Baba bai jira shi ba.

“Kifi ya yi yawa, ruwa ya yi kaɗan. Ko ba haka ba?”

“Haka ne, Sarki.”

Baba ya juya ga jama'a. “Kun ji. Guba ban sa ba, Allah shina gani. Amma da bazara kun ce a buɗe, ni na ce a'a. Na so in aje muku, ajiyar ta ɓaci a hannuna. Wanga laifi nawa ne, ban da abokin tarayya.” Ya sa hannu ya warware rawanin da kansa, ya ninke shi ya ajiye a gaban Maigari. Maigari yana ta cewa tsaya, tsaya, shi kuwa ya sa takalmansa ya kama hanyar gida da 'yar hula.

Na riga shi isa zaure, raina a ɓace. Na ce, “Baba, an wanke ka! Wa ya tambaye ka? Don mi za ka tono abin da ba wanda ya sani?”

Ya ce, “Ni na sani, ɗiyata. Tun ranar da sunka fara tasowa nika zarginsa. Ban dai ga abin da idona ba sai yau.” Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, kuma ban taɓa son sa irin na ranar ba.

Maigari ya sa aka yi shela cewa gobe Asabar za a yi su a Giginya. Da sassafe gari ya ɗauka, maza da homa da gora, mata da ƙwarya da kwando, har mutanen ƙauyukan kewaye. Muna jin hayaniyarsu ta gangara fadama. Mu gidanmu ba wanda ya fita. Baba yana zaure a kan buzunsa, ni da Inna muna tsakar gida muna sauraron ihun da ake yi in an afka ruwa. Shiru. Rana ta fito ta ɗaga, hantsi ya dubi ludayi, shiru. Inna ta ce ko dai faɗa ya kaure ne.

Can sai ga sallama. Baffa Ango ne, shi kaɗai, laka busasshiya a ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga, rawanin a ninke a hammatarsa. Na laɓe a bayan ƙofar zaure. Bai zauna ba, bai kuma yi doguwar gaisuwa ba.

“Tashi ka buɗe muna ruwa. Mutane na tsaye tun safe, rana na cin su, ga azumi.”

“Maigari shi buɗe.”

“Ya ce a shiga har sau ukku. Ba wanda ya ɗaga ƙafa.”

“Ango, ai kana wurin. Na aje.”

“Kai ka aje,” in ji Baffa Ango. “Mu ba mu ɗauka ba.” Sai ya ƙara da cewa, “Ni ne na ce ka sa guba. Ni, da munka sha ruwa ɗaya da kai. In ba ka yafe ba ka faɗa mani nan in ji. Amma ka taho ka shiga gaba, ɗiyanmu na jin yunwa.”

Baba ya miƙa hannu, ba wajen rawanin ba, wajen Baffa Ango, ya ce, “Kama ni in tashi, gwiwar ga ta ƙi.”

Ya kama shi ya ɗaga. Na fito da gorar na miƙa wa Baba. Suka fita tare, tsofaffi biyu, ɗaya yana ɗingishi, ɗaya yana binsa yana ƙoƙarin naɗa masa rawani a kan tafiya, yana naɗawa yana zamewa. Ni da Inna muka ɗauki wuƙaƙe da kwanduna muka bi bayansu.